Alkawarin Baki Ba Ya Rufa Asirin Talaka

Duk wanda ya sauka garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, cikin 'yan shekarun nan, ya ɗan zauna a tashar mota ko wajen masu lodin doya, zai lura da wani baƙon abu da ya shigo cikin zaman jama'a, watau yawan tambaya. A da, mai tambaya yakan zo da takarda da alƙalami, ya yi sallama a ƙofar gida, yaron mai unguwa yana biye da shi. Yanzu kuwa tambaya ta cikin waya take shigowa, ba sallama ba neman izini. Yau a aiko wa manomi fom a ce ya faɗi buhu nawa ya samu bana, gobe a aiko wa ɗalibi a ce ya faɗi ra'ayinsa game da malamansa, jibi a tambayi magidanci wa zai zaɓa, ko wace cuta ke damun iyalinsa. Kusan kowane fom kuma yana ɗauke da alkawari iri ɗaya a samansa, cewa duk abin da mutum ya faɗa asiri ne, babu mai ji.

Wannan al'amari bai tsaya a Lafiya ba. Motocin da ke ɗauko doya da agushi daga can su ne ke sauke kaya a manyan kasuwannin Kudu, kuma irin wayar da ke aljihun direba da ɗan kamasho ita ce ke aljihun 'yan uwansu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal. Fom ɗin da ya isa Lafiya da hantsi, kafin la'asar ya zagaya zangon Hausawa na garuruwan Kudu. Saboda haka maganar ta shafi kowa, na gida da na ci-rani.

Abin da ya kamata hukuma da jama'a su gane shi ne, alkawarin baki bai isa ya rufa wa kowa asiri ba. Wanda ya yi alkawarin yana iya rasuwa, ana iya yi masa canjin wurin aiki, ana iya sace kwamfutarsa, ana kuma iya saye shi da kuɗi. Abin da ake bukata shi ne a tsara tambayar tun daga tushe ta yadda shi kansa mai tambayar ba zai iya sanin wane ne ya faɗi kaza ba, ko da ya so ya sani. Masana lissafi sun daɗe da gano hanyoyin yin haka, an kuma gwada su a ƙasashe da dama, har da Nijeriya.

AMFANIN TAMBAYA

Kafin a je ko'ina, wajibi ne a faɗi gaskiya cewa tambaya ba mugun abu ba ce. Gwamnatin da ba ta san yawan mutanenta ba, ba ta san abin da suke nomawa ba, ba ta san cutar da ke kashe 'ya'yansu ba, aiki take yi a makance. Da lissafi ake sanin inda za a gina asibiti, da yawan takin da za a kai wa ƙaramar hukuma, da yawan allurar rigakafin da za a saya. Misali, cikin 2018 an gudanar da babban bincike a duk faɗin ƙasar nan game da cutar ƙanjamau, inda dubban mutane suka yarda aka shiga gidajensu, suka amsa tambayoyi masu nauyi, suka ba da jini aka gwada. Da sakamakon ya fito cikin Maris 2019, sai aka ga masu ɗauke da cutar tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 kashi 1.4 ne cikin 100, ƙasa da yadda ake zato a da. Ba don mutane sun yarda sun faɗi gaskiya ba, da har yanzu da kintace ake rabon magani.

To amma fa gaskiya ba ta fitowa daga bakin mai jin tsoro. Talakan Arewa kuwa yana da dalilin yin ɗari-ɗari, domin tun zamanin Turawa ya san cewa in aka zo ƙirga kawuna haraji ne ke biye, in aka zo ƙirga shanu jangali ne. Tarihin ƙidayar ƙasar nan ma bai taimaka ba. An soke ta 1962, an yi rigima a kan ta 1963, an soke ta 1973, sannan ta 2006 sai da aka cire tambayar addini da ta ƙabila saboda gudun fitina. Ƙasar da gwamnatinta ke shakkar tambayar mutum addininsa, ai ba a ga laifin mutumin ba in ya yi shakkar faɗa wa wayar da bai san mai ita ba.

Lafiya ta fi garuruwa da yawa sanin nauyin wannan magana. Gari ne da Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani ke zaune wuri guda, Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga Filato ran 1 ga Oktoba 1996, an sha ganin lokutan da zaman lafiya ya yi rauni tsakanin maƙwabta. A irin wannan wuri, takardar da ta nuna sunan mutum da ƙabilarsa da unguwarsa da ra'ayinsa game da rikicin gona da kiwo, in ta faɗa hannun mugu, makami ce.

Shi kuma ɗan Arewa mazaunin Kudu, nasa tsoron ya fi haka, domin baƙo ne. Bai manta da watan Yuni 2014 ba, sa'ad da aka tsare matafiya 486 'yan Arewa a Jihar Abiya bisa zargi kawai. Bai manta da rikicin kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairu 2021 ba. In aka miƙo masa fom ana tambayar jiharsa ta asali da sana'arsa da inda yake kwana, abin da zai fara zuwa ransa shi ne, wa ke son wannan jerin sunaye, kuma me zai yi da shi? Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sakamakon haka kuwa, ko dai ya ƙi amsawa, ko ya faɗi ƙarya, kuma duka biyun shi ne da hasara, domin wanda bai shiga lissafi ba ba ya shiga rabo.

CIRE SUNA BAI ISA BA

Masu aiko da fom sukan ce ai ba su tambayi suna ba, saboda haka babu abin tsoro. Wannan magana ta tsufa. Tun watan Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai shi, watau NIN. Ke nan lambar waya a yau suna ce, har da hoto da ranar haihuwa. Wanda ya amsa tambaya ta layinsa, kamar ya sa hannu ne a ƙasan takarda.

Ko babu lambar waya ma, ana gane mutum ta 'yan ƙananan bayanai in aka haɗa su. Wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna haka cikin 1997. An fitar da bayanan asibiti na ma'aikatan gwamnatin Jihar Massachusetts bayan an goge sunaye, ana cewa babu wanda za a gane. Sai ta haɗa su da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo bayanan gwamnan jihar kansa, William Weld. Daga baya ta lissafa cewa kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ana iya gane su da abu uku kacal: ranar haihuwa, namiji ne ko mace, da lambar gidan wayar unguwarsu. Mai karatu ya kwatanta da zangonsu. In aka ce mahauci, ɗan shekara 52, mutumin Doma, mai mata biyu, mazaunin Sabo, ko yaro ƙarami zai nuna ƙofar gidansa.

Haka nan ba kowane mai tambaya ke faɗin ainihin nufinsa ba. Cikin 2018 asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu. Wasu 'yan tambayoyi ne aka sa a Facebook kamar na wasa, na gwada halin mutum. Kimanin mutum 270,000 suka amsa, amma ta hanyarsu aka kwashe bayanan abokansu har kusan mutum miliyan 87, aka yi amfani da su wajen harkar siyasa. A gida Nijeriya kuma, cikin Yuni 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai wuraren da ake sayar da bayanan NIN na mutane ta intanet a kan Naira 100. Hukumar katin shaidar ɗan ƙasa ta musanta cewa an fasa rumbun ajiyarta, amma ko ta wace kafa ruwan ya zuba, talaka dai ya jiƙe.

Har ila yau, gwamnati takan sauya amma takarda ba ta mutuwa. A Amurka, ƙasar da ake misali da ita wajen bin doka, bayanan ƙidaya sun taimaka wa hukuma cikin 1942 wajen gano unguwannin mutane 'yan asalin Japan, aka kwashe kimanin 120,000 aka tsare su a sansanoni lokacin yaƙin duniya na biyu. Waɗanda suka amsa tambayoyin ƙidayar sun amsa ne da zuciya ɗaya, bisa alkawarin asiri.

HANYOYIN DA MASANA SUKA GANO

Mataki na farko, wanda kowa ya kamata ya cika, shi ne kulle saƙo. Ilmin rubutun asiri ya ba da damar a juya amsar mutum ta koma wasu lambobi marasa ma'ana tun daga cikin wayarsa, ta yadda wanda ya tare ta a hanya ba zai karanta ba sai mai mabuɗi. Wannan yana maganin ɓarawon hanya, amma ba ya maganin mai mabuɗin kansa. In shi ne kurar, to an ba kura ajiyar nama ke nan. Shi ya sa masana suka wuce nan.

Hanya ta farko ita ce wadda ta samo tushe daga aikin Stanley Warner na 1965, kuma ba ta bukatar ko da kwamfuta. A ba mai amsa ɗan ludo, watau ɗan abin nan mai fuska shida da ake jefawa a wasa, ya jefa a ɓoye. In 1 ta fito, ya ce "a'a" ko mene ne gaskiyarsa. In 6 ta fito, ya ce "i". In sauran huɗun ne, ya faɗi gaskiya. Mai tambaya ya ji "i", amma bai sani ba ko gaskiya ce ko umurnin ɗan ludo ne, saboda haka babu wanda za a kama da maganarsa. Duk da haka jimla tana fita. A ce an tambayi mutum 600. Kimanin 100 za su ce "i" na dole, 100 "a'a" na dole, 400 su faɗi gaskiya. In aka sami "i" 220, a cire 100 na dole, saura 120 cikin 400, watau kashi 30 cikin 100. An gwada wannan hanya a ƙauyukan Neja Delta, inda aka tambayi mutane fiye da 2,000 ko suna da hulɗa da 'yan bindigar yankin, tambayar da babu mai hankalin da zai amsa kai tsaye. Masana uku, Graeme Blair da Kosuke Imai da Yang-Yang Zhou, sun buga bayanin aikin cikin 2015. Yau waya tana iya jefa ɗan ludon da kanta kafin ta aika da amsa.

Hanya ta biyu ita ce rarraba asiri, wadda ta samo tushe daga aikin Adi Shamir na 1979. A ce ana son a san yawan riɗin da manoman Lafiya suka girbe, amma babu manomin da ke son a san abin da ke rumbunsa. Sai a naɗa ma'aji uku waɗanda ba sa ƙarƙashin juna, a ce ofishin gwamnati, da jami'a, da ƙungiyar manoma. Manomin da ya sami buhu 40, wayarsa za ta fasa 40 ɗin gida uku. Ta aika wa na farko cewa ya ƙara 913, na biyu ya ƙara 250, na uku kuma ya rage 1,123. In aka haɗa ukun 40 ce za ta fito, amma kowane ma'aji abin da ya gani shirme ne. Kowannensu zai tara lambobin da dukan manoma suka aiko masa, sannan a haɗa jimla ukun, sai yawan riɗin gari ya fito daidai, alhali babu mahaluƙin da ya ga buhu 40 na wancan bawan Allah. Sai dai in dukan ma'ajin uku sun haɗa baki, abin da ya fi wuya a kan a sayi akawu ɗaya.

Manoma ne ma suka fara cin moriyar wannan dabara a fili. Cikin Janairu 2008, a ƙasar Denmak, manoma kimanin 1,200 masu noman wata saiwa da ake tatsar sukari daga cikinta suka yi cinikin izinin noma a tsakaninsu ta wannan hanya. Kamfani ɗaya ne tak, Danisco, ke sayen amfanin gonarsu, kuma ba sa son ya san farashin da kowa zai iya jurewa, don kada ya matse su. Kwamfutoci uku suka yi lissafin, farashi ya fito, asirin kowa ya rufu. Daga 2015 kuma kamfanonin birnin Boston na Amurka suka shiga ba da bayanan albashin ma'aikatansu ta irin wannan hanya, don a gane bambancin albashin maza da mata ba tare da an ga littafin kowane kamfani ba. Abin da manomin Denmak ya ji wa tsoro shi ne dai abin da manomin Lafiya ke ji wa tsoro game da dillali da mai karɓar haraji.

Hanya ta uku tana maganin wata damuwa ta masu bincike, waɗanda kan ce in ba a karɓi suna ba, mutum ɗaya zai amsa sau goma. David Chaum ya warware wannan cikin 1982 da abin da ake kira sa hannun makaho. Misalinsa shi ne mutum ya sa takardarsa cikin ambulan tare da kabon, ya liƙe. Jami'i ya duba katin shaidarsa, ya tabbata bai zo a baya ba, ya sa hannu a bayan ambulan ba tare da ya buɗe ba. Sa hannun ya bi ta kabon ya hau takardar ciki. Mutumin ya koma gefe ya fitar da takardar, ya jefa a akwati. Mai ƙirgawa zai ga sa hannun jami'i, ya san takardar halas ce, amma shi da jami'in babu wanda ya san ta wane ne. Da lissafi ake yin haka cikin waya, kuma cikin 2014 wasu masana a Amurka sun fito da wani tsari mai suna Anonize musamman don binciken ra'ayi, wanda ke tabbatar da mutum ɗaya amsa ɗaya ba tare da an san mai amsar ba.

'Yan Nijeriya ba baƙin wannan hikima ba ne. Manya suna tune da zaɓen bin layi na zamanin Janar Ibrahim Babangida a farkon shekarun 1990, inda mutum zai tsaya bayan hoton ɗan takararsa, mai gidan hayarsa da ubangidansa suna kallo. Daga baya aka koma tsarin da za a tantance mutum a teburi, ya shiga lungu ya dangwala shi kaɗai. Yawancin fom ɗin da ke yawo a wayoyi yau zaɓen bin layi ne. Abin da ake nema shi ne a ba mai amsa tambaya lungun da aka ba mai jefa ƙuri'a.

Akwai kuma tsaro a wajen fitar da sakamako. Masu binciken lafiyar iyali na ƙasa, irin wanda aka yi cikin 2008 da 2013 da 2018, sukan gusar da alamar wurin da aka yi tambaya a taswira da gangan, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a yawancin ƙauyuka, don kada a gane gidajen. Amurka ma a ƙidayarta ta 2020 ta cuɗa 'yan ƙananan sauye-sauye na lissafi cikin alƙaluman unguwanni kafin ta buga su, yadda jimlar jiha ba ta taɓu ba amma ba a iya zaƙulo mutum guda.

Ba a ce waɗannan hanyoyi kyauta ba ne. Hanyar ɗan ludo tana bukatar a tambayi mutane da yawa kafin lissafi ya zauna. Rarraba asiri yana bukatar ƙwararru da ma'aji masu amana. Kuma babu makullin lissafin da zai yi amfani in jami'i ya tsaya tsakar gida yana ɗaga murya yana tambayar mace ciwonta a gaban kishiya, ko in mutum ya ba yaron shagon kwamfuta wayarsa ya cika masa fom. Amma tsadar gyara ba ta kai tsadar lissafin ƙarya ba.

DOKA TA ZO, SAURA AIKI

Ta fuskar doka, ba a bar talaka haka nan ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana abin da mutum guda ya faɗa wa jami'an ƙididdiga. Cikin Yuni 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Dokar ta ware lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa a matsayin bayanai masu nauyi. Ta ba mutum ikon janye yardarsa. Ta wajabta wa mai ajiyar bayanai ya sanar da hukumar cikin awa 72 in an yi ɓarnar da za ta iya cutar da mutane. Manyan masu laifi kuma ana iya cin su tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Wannan abin yabo ne, amma doka bayan ɓarna take zuwa. Tara ba ta mayar da asirin da ya riga ya fita, kamar yadda ba a kwashe ruwan da ya zube. Rigakafi ya fi magani, rigakafin kuwa shi ne kada a tara abin da za a sace tun farko.

Jihar Nasarawa tana da dalilin shiga gaba a wannan fage. Ɗanta ne, Alhaji Nasir Isa Kwarra, aka naɗa shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin 2020, a ƙarƙashinsa kuma aka shirya ƙidayar farko da za a yi da na'urar hannu maimakon takarda. Ƙaramar hukumar Karu tana cikin guda shida da aka zaɓa a duk ƙasa don cikakken gwajin ƙidayar cikin Yuli 2022, kafin a ɗage ainihin aikin da aka shirya yi cikin Mayu 2023. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa cikin 2011, da Jami'ar Jiha da ke Keffi. Masu ilmin suna nan a gida.

Saboda haka, na farko, ya kamata Gwamnatin Jihar Nasarawa ta kafa ƙa'ida cewa duk ma'aikatar da za ta yi binciken ra'ayi ta waya ko ta intanet kada ta karɓi suna ko lambar waya ko NIN sai in aikin ba zai yiwu ba sai da su. Na biyu, inda tambaya ta shafi cuta ko addini ko ƙabila ko siyasa ko rikicin gona da kiwo, a wajabta amfani da ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bayyana a sama, a kuma sa malaman lissafi da na kwamfuta na jami'o'in jihar su duba tsarin kafin a fara. Na uku, a rubuta bayanin kowane fom da Hausa da sauran harsunan jama'a, a faɗi wanda ya aiko shi, da abin da za a yi da amsa, da ranar da za a goge ta. Na huɗu, gwamnatocin jihohin Kudu su gane cewa in suna son sanin gaskiyar halin baƙin da ke zaune cikinsu, don shirin asibiti da makaranta da kasuwa, to sai sun raba binciken ra'ayi da aikin 'yan sanda, sun kuma nuna wa baƙin a aikace cewa an raba. Na biyar, hukumar kare bayanan jama'a ta fito daga Abuja ta yi wa talakawa bayani a rediyo da harshen da suke ji, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, tamkar babu ne.

GA MAI KARATU

Shi kuma mai karatu, wajibi ne ya bambanta abu uku. Akwai rajista, kamar ta katin zaɓe ko ta asusun banki, wadda dole sai da suna, kuma a ofishin da aka sani ake yinta. Akwai ƙidaya, wadda aikin ƙasa ne, doka ta tsare ta, kuma bai kamata kowa ya ɓuya ranar da ta zo ba. Sannan akwai binciken ra'ayi, wanda jimla kawai yake nema, ba ruwansa da sunan kowa. Fom ɗin da ya ce ra'ayi yake nema amma ya tambayi BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ke turowa ta waya, to ɓarawo ne ya sa rigar malam. Haka wanda ya zo ta WhatsApp da alkawarin tallafi in an tura wa mutum goma.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na 'yan acaba a garuruwan Kudu suna da babban aiki a nan. In masu bincike suka zo zango, a karɓe su da mutunci, a nemi takardar shaidarsu, sannan a yi musu tambaya ɗaya: in wani mai iko ya ce ku ba shi sunayen waɗanda suka faɗi kaza, kuna iya ba shi? In suka ce ba za su ba shi ba, alkawari ne. In suka ce ba su da sunayen balle su bayar, suka kuma nuna yadda aka yi haka, to waɗannan su ne ya kamata a buɗe wa ciki a faɗa musu gaskiya tsakani da Allah.

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, garuruwan nan biyu kuwa maƙwabtan Lafiya ne. Asirin da ya tonu a Lafiya yau, gobe na Agege ne. Ƙasa tana bukatar gaskiya daga bakin talakawanta, su kuma talakawa suna bukatar tabbacin cewa gaskiyar ba za ta zame musu igiyar rataya ba. Ilmin da zai haɗa biyun ya samu, saura niyyar masu mulki. Allah ya sa su ji, su kuma gyara.